Fatawa: Wa Ya Fi Cancantar Renon Yara Bayan Saki?

Tambaya: Wata baiwar Allah daga Talata Mafara ta aiko cewa mijinta ya sake ta, ranar da ta yaye ɗansu ya ɗauke shi ya kai wa 'yar'uwarsa a Maradun, ya hana ta ganinsa. Me shari'a ta tanada?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Uban nan ya yi zalunci, kuma wajibi ne ya mayar da yaron. Karɓe ɗa da zarar an yaye shi al'ada ce kawai. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan Zamfara ke hukunci da ita, uwa ke da haƙƙin hadana, wato renon yaro: namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin mijinta. Haka yake a Risala da Mukhtasar na Khalil. Ci da sutura da magani kuwa suna wuyan uba.

Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya tarar da ɗansa Asim a Ƙuba bayan ya rabu da mahaifiyarsa, ya ɗauke shi. Kakar yaron ta wajen uwa ta biyo shi, suka je gaban Halifa Abubakar. Abubakar ya ce a bar mata yaron, Umar bai ƙara cewa uffan ba.

Idan uwar ta yi wani aure ta tare, reno ya koma hannun mahaifiyarta, sannan 'yan'uwan uwar mata, kafin ya iso dangin uba. Ko a lokacin ba mai ikon hana uwar ganin ɗanta. Malamai sun hukunta cewa ƙananan yara su riƙa zuwa wurinta kullum, manya sau ɗaya a mako, sabon miji ma ba zai hana ba.

Uba na iya tafiya da yaro in zai yi ƙaura ta dindindin mai nisan mil 72, da sharaɗin garin da hanyar duka akwai aminci. Tsakanin Mafara da Maradun bai kai haka ba, balle a halin da 'yan bindiga suka jefa hanyoyin yankin.

Mai wannan tambaya sai ta fara da waliyyinta da dattawan ɓangarorin biyu. In uban ya ƙeƙasa ƙasa, ta kai ƙara kotun shari'a ta Talata Mafara, ta nemi ɗanta tare da kuɗin ciyarwarsa. Allah ne Mafi sani.