Sunayen 'Ya'ya Mata: Dacewar Kunne Ko Dacewar Takwara?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa.

Gudel tsohon garin Zabarmawa ne a bakin Kwara, wanda yau ya zama unguwa a cikin birnin Yamai. A can, kamar sauran unguwannin musulmi, da sanyin safiya ake raɗin suna ranar bakwai: a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, a raba goro da dabino, a yanka rago, malam ya sanar da suna, a shafa fatiha. Sanarwar ba ta ɗaukar minti guda. Amma kwanaki shidan da suka gabace ta sukan zama kwanakin ja-in-ja a cikin gida, musamman in jaririyar mace ce kuma tana da yayye mata.

A ɗauki misalin gidan da 'yar fari take Hanan, ga ƙanwa ta zo. Uwa tana son Jinan, don in an kira su tare ya yi daɗin ji, in an rubuta a katin biki ya yi kyan gani. Kaka kuwa tana son a mayar da sunan mahaifiyarta, Hadiza. Uba yana tsakiya, ga mai jego ga mahaifiya, kowacce da hakkinta a kansa. Tambayar da ke gabansa ita ce: da me sunaye biyu suke dacewa da juna, kuma wa dacewar za ta amfana?

Da farko, son sunaye su dace ba laifi ba ne. Ya tabbata a hadisi cewa Allah Yana son kyau, kuma Manzon Allah (SAW) da kansa ya raɗa wa jikokinsa Hasan da Husaini, sunaye biyu daga tushe ɗaya. Daga nan Hausawa da Zabarmawa suka samo Hasana da Husaina ga tagwaye mata. Saboda haka uwar da ke neman sunan da zai zauna daidai kusa da na yayar ba ta zo da baƙon abu ba, kuma bai kamata a yi mata kallon wadda zamani ya ruɗa ba.

Sai dai kunne shi kaɗai yana yaudara. Imam Muslim ya ruwaito cewa Sayyidina Umar (RA) yana da 'ya mai suna Asiya, Annabi (SAW) ya canja mata zuwa Jamila. Wannan Asiya da ainun da sadi take, ma'anarta mai saɓo. Asiya matar Fir'auna kuwa da alif da sin take, tana cikin matan da suka kai kamala. A rubutun boko da bakin Bahaushe ba a rarrabe su, alhali tsakaninsu akwai nisan sama da ƙasa. Haka kuma ya canja sunan Barra zuwa Zainab, da wata Barra zuwa Juwairiyya, don gudun yabon kai da ke cikin sunan. Ke nan abin da ya fara dubawa ma'ana ce. Wanda ya tsinci suna a fim ko a waya don ƙarshensa ya yi daidai da na yayar, wajibi ne ya je wurin malami ya tambayi abin da yake nufi kafin ya ɗora wa 'yarsa shi har kabari.

Sannan daɗin amo ba ya daɗewa. A Yamai suna ɗaya yana yawo a harsuna da dama. A'ishatu ta zama Aisa a gidan Bazabarme, Indo ko Shatu a gidan Bahaushe, a takardar haihuwa kuma a rubuta ta da ƙa'idar Faransanci. Khadija ta koma Hadiza ko Dije, Zainabu ta koma Abu, Fatima ta koma Fati ko Binta. In sunan kaka aka mayar, sai alkunya ta rufe shi, a riƙa cewa Ummi ko Nana. Jerin da aka sha wahalar tsarawa yakan warware tun kafin yaye. Abin da ba ya warwarewa shi ne takwara, wato baiwar Allah da aka ci sunanta.

A nan ne gidan Annabi (SAW) ya zama madubi. 'Ya'yansa mata huɗu ne: Zainab, Ruƙayya, Ummu Kulsum da Fatima. Babu biyu a cikinsu da ƙarshensu ya zo ɗaya, amma ba musulmin da zai ji ɗaya bai tuna sauran ba. Nana Fatima (RA) da ta haifi nata 'ya'ya mata, Zainab da Ummu Kulsum aka sa musu, sunayen yayyenta. Maulanmu Shehu Ibrahim Inyass (RTA) ya bi wannan sawu. Cikin 'ya'yansa akwai Sayyida Fatimatu Zahra, da Sayyida Ruƙayya marubuciya, da Sayyida Maryam wadda ta ƙarar da rayuwarta tana karantar da Alƙur'ani a Dakar har ta rasu a 2020, da Sayyida Ummul Khairi, Maman Kiota, iyalin Shehu Abubakar Hashim (RTA), wadda matan Nijar suka san hidimarta ga ilimin mata. Abin da ya haɗa waɗannan sunaye gida ne da tarbiyya da aiki.

Akwai kuma wani haɗari da ba a cika lura da shi ba. In aka zaɓa wa ƙanwa suna don kawai ya cika na yayarta, an fara yi mata kallon rabin wata tun tana cikin zanen goyo. Daga nan gwadawa take farawa: wannan ta fi haske, waccan ta fi ƙoƙari a makaranta. A shekarar 1793 aka haifa wa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo (RTA) tagwaye a Ɗegel, namiji da mace. Namijin aka sa masa Hasan. Bisa al'ada macen Husaina za ta zama, amma Shehu ya sa mata Asma'u, sunan 'yar Sayyidina Abubakar (RA) wadda ta riƙa kai guzuri kogo lokacin Hijira. Wannan jaririya ita ce Nana Asma'u, wadda ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa tsarin 'Yan Taru, ta riƙa tura jajoji ƙauyuka suna karantar da mata har rasuwarta a 1864. Shehu bai haramta Husaina ba. Ya dai ga yarinyar a kan kanta, ya ba ta takwarar da za ta bi. Abu Dawud ya ruwaito cewa ranar ƙiyama da sunayensu da na iyayensu maza za a kira mutane, kuma ranar kowa shi kaɗai zai amsa.

Ɗan ɗariƙa ya fi kowa sanin nauyin suna, domin tarbiyyarsa gaba ɗaya a kan maimaita suna take. Lazimi safe da yamma, wazifa, zikirin Juma'a, duk ambato ne da ake nanatawa har ya ratsa zuciya. To, sunan 'ya shi ne kalmar da za a fi furtawa a gidan, daga tashin asuba zuwa kwanciyar barci, shekara da shekaru. Gidan da ake kiran Khadija da Fatima, ko Asma'u da A'isha, ko Maryam da Asiya, ana ambaton bayin Allah ko ba a yi niyya ba. Kuma wannan yana da nasa hakki: bakin da ya kira Fatima bai dace ya biyo da zagi ba, shi ya sa magabata suke sakayawa da Nana.

Uban nan na Gudel fa? Jinan suna ne mai kyau, ma'anarsa gidajen Aljanna, in ya sa shi bai yi laifi ba. In ya sa Khadija ya faranta wa mahaifiyarsa, ya ba 'yarsa Uwar Muminai ta zama takwararta, mai jego kuma ta riƙa kiranta da laƙabin da take so, ya haɗa alheri biyu. Abin da ba zai halatta gare shi ba shi ne ya karɓi 'ya ta biyu da sanyin jiki don ya so namiji, har ya bar zaɓen sunanta ga duk wanda ya ga dama. Annabi (SAW) ya yi wa wanda ya rene 'ya'ya mata biyu har suka girma bushara da kusanci da shi ranar ƙiyama, ya haɗa yatsunsa yana nuni. Wanda aka ba wannan dama, ya zauna ya zaɓi sunan ta biyu da irin zumuɗin da ya zaɓi na ta fari, kuma ya tanadi labarin takwarar kowacce don ranar da za ta tambaye shi dalilin sunanta.

Allah Ya raya 'ya'yan musulmi bisa sunna, Ya sa su gaji halayen takwarorinsu, albarkacin Annabi (SAW) da Shehu Ahmadu Tijjani (RTA). Amin.