Goro da roba: me baƙo ke komawa da shi gida?

A wurin ɗaurin aure ko raɗin suna, da an shafa fatiha sai a zagaya da goro da dabino. Attajiri ya ɗauki nasa, almajiri ya ɗauki nasa, babu wanda aka duba rigarsa. Kafin azahar an cinye. Wanda ya tauna goron nan kuwa ya zama shaida, gobe in auren ya yi tangal-tangal yana da bakin magana.

A taron mata na Maraɗi da Damagaram da Yamai, wani rabon ya samu gindin zama: roba, kofi, mafici ko kalanda, ɗauke da sunan ango da amarya, wani lokaci har da hotonsu. Kuma ba iri ɗaya ake bai wa kowa ba. Akwai ledar manyan baƙi, akwai ta sauran jama'a, uwar biki kuwa ta san abin da kowace ta kawo kafin ta miƙa mata.

Tun 1925 Bafaranshen nan Marcel Mauss ya nuna cewa kyauta tana tafe da wajibai uku: a bayar, a karɓa, a mayar. Guy Nicolas, a littafinsa na 1986 kan ƙasar Maraɗi, ya bi diddigin wannan a al'adar biki, inda wadda ta kai wa ƙawarta jika ɗaya takan sa ran jika biyu ranar nata sha'anin. Abin lura a nan shi ne jinkirin. Tsakanin bayarwa da mayarwa akan yi watanni, ko shekaru, kuma cikin wannan tazara ne ake gaisawa, ake dubiya, ake zuwa ta'aziyya. Bashin da ba a gaggauta biya ba shi ke riƙe da zumuncin. Ledar da ake miƙa wa baƙuwa a bakin ƙofa, daidai nauyin gudummawarta, ta yi kama da rasit: kin kawo, an ba ki, an rufe lissafi.

Uwar biki tana da hujjarta, kuma ba ƙarama ba ce. Baƙuwa ta ɗinka anko, ta biya kabu-kabu, ta bar sana'arta yini guda. Ai yaba kyauta tukwici. Robar ma ba ta rasa amfani, a gidan talaka takan shekara biyar ana wanke-wanke a cikinta. Sai dai tukwici ba a taɓa raba shi aji-aji a gaban jama'a ba, balle wadda ta zo da ɗan abin da ta iya ta fita tana ɓoye ledarta a ƙarƙashin mayafi.

Akwai kuma abin da mai buga hoton bai lissafa ba. Roba ba ta ruɓewa da wuri, aure kuwa yakan mutu. A bakin famfo ana iya ganin yarinya da bokiti mai hoton ango da amarya suna murmushi, alhali amaryar ta daɗe da gama idda a gidan iyayenta.