KAFIN KA KAI YARONKA AJI ƊAYA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammad, da alayensa da sahabbansa.



Satumba ta ƙarato. Duk wanda ya bi ta kasuwar Tudun Wada kwanan nan ya ga iyaye ana ta cinikin jaka da takalmi da yadin yunifom. Ni ma ina cikin layin, don 'yata ta gama nazire. Ranar bikin yaye su, shugaban makarantar ya ja ni gefe ya ce: "Malam, yarinyar nan akwai ƙwaƙwalwa. Mu tsallakar da ita aji biyu kawai." Shekarunta biyar da 'yan watanni.

Wallahi ba zan ɓoye muku ba, maganar ta yi mini daɗi. Har na fara hango kaina ina ba da labari a majalisa. Sai da na koma gida, uwargida ta ce: "Malam, ka manta abin da ya faru da yayanta?"

Ban manta ba. Ɗana na fari yana shekara huɗu na sa shi a aji ɗaya. Ya iya rera A, B, C, ya iya ƙirga har ɗari, sai na ɗauka ya isa. Ashe hannunsa bai yi ƙwarin riƙe fensir na tsawon darasi ba. Ana rubutu a allo, kafin ya kwafe layi biyu an goge. Kunya ta hana shi neman izinin fita, wata rana ya yi fitsari a wando, yara suka yi masa dariya. Daga nan kullum da safe sai ciwon ciki. Ni kuwa na ɗauka lalaci ne, ina ta faɗa. Ƙarshe dai maimaita ajin ya yi, kuma sai da muka shekara biyu muna lallashi kafin ya daina tsoron makaranta. Laifin nawa ne. Ina limanci, na yi karatun Larabci har jami'a, amma son a ce ɗan malam ya yi zarra ya rufe mini ido. Allah Ya yafe mana.

Da na natsu na koma littattafai, sai na ga Shari'a ta riga mu sanin cewa komai na yaro da lokacinsa. Sallah ita ce ginshiƙin addini, amma a hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, sai yaro ya kai shekara bakwai Manzon Allah (SAW) ya ce a fara umartarsa da ita, kuma aka bar shekara uku cur na koyo kafin a tsananta. To idan sallah ma an jira yaro ya yi ƙwari, mene ne na gaggawa a kan aji biyu? Imamul Bukhari a Kitabul Ilmi ya ware babi guda a kan lokacin da ake karɓar abin da ƙaramin yaro ya ji, ya kawo labarin Mahmud bin Rabi'u, wanda ya riƙe abin da ya faru tsakaninsa da Annabi (SAW) yana ɗan shekara biyar. Abin da ya riƙe kuwa wasa ne: Annabi ya guntsi ruwa ya fesa masa a fuska. Ɗan shekara biyar ta hanyar wasa da sakin fuska yake ɗaukar abu. Ibnu Khaldun ma a Muƙaddima ya yi fasali a kan cewa tsananta wa ɗalibai na cutar da su, yana kashe musu zuciya, ya koya musu ƙarya don gudun duka.

Dokar ƙasa ma ba ta saɓa wa wannan ba. A tsarin ilimi na Najeriya, shekara shida ce ta shiga aji ɗaya, kuma dokar UBE ta 2004 ta sa shekara tara na farko kyauta ne kuma dole a makarantun gwamnati. Ku yi lissafi: yaro ya shiga firamare yana da 4, aka tsallake masa aji shida kamar yadda wasu makarantun kuɗi ke yi, zai gama sakandare yana da 15. Gwamnatin tarayya kuwa ta tsayar da 16 a matsayin mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a. Ga Kongo nan kusa da mu, ga Samaru, amma sai ya zauna a gida yana jira. Sauri ya haifi nawa ke nan.

To mene ne shirin gaskiya? Ga abin da muke yi a gidana a makonnin da suka rage:

Na ɗaya, tsarki. A nazire akwai mai kai yaro bayan gida. A firamare shi da kansa ne. Ya iya tsarki, ya iya ɗaure wandonsa, ya iya buɗe baki ya ce "Malama, zan zagaya."

Na biyu, barci. Likitocin yara suna cewa ɗan shekara shida na buƙatar awa tara zuwa sha biyu. Yaron da ke riƙe da waya har sha ɗayan dare, gyangyaɗi zai je yi a aji. A fara gyara lokacin kwanciya tun yanzu.

Na uku, ladabin ci da zama da mutane. Ku tuna yadda Annabi (SAW) ya koya wa agolansa Umar bin Abi Salama yin bisimilla, da ci da dama, da cin gabansa, cikin taushin murya. Yaro ya san kuɗin tara nasa ne, na wani ba nasa ba ne.

Na huɗu, hanya. Ka bi ta da shi da ƙafa kafin ranar farko. Ya san sunan mahaifinsa da unguwarsu, ya san wanda zai ɗauko shi, kada ya bi kowa ko da an ce Baba ne ya aiko.

Na biyar, kada a cika masa rana. Boko da safe, lesin da azahar, Islamiyya da la'asar, allo bayan magariba: yaushe zai yi wasa? Idan dole a rage, a rage lesin, a bar masa Alƙur'aninsa da wasansa.

Ya kai uba, wannan ba aikin uwa kaɗai ba ne. Hadisin Bukhari da Muslim ya nuna kowannenmu makiyayi ne, kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Ka je ka ga ajin da idonka, ka gaisa da malamin, ka san yawan yaran da ke ciki. Kuma 'ya mace da ɗa namiji duk ɗaya ne a wannan haƙƙi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kakkausar magana a kan malaman da ke karantar da ɗalibai a waje, su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci.

Na koma wurin shugaban makarantar, na yi masa godiya, na ce a bar ta ta cika shida, ta fara daga aji ɗaya. Ya yi mamaki. Jiya ta zo tana nuna mini haƙorinta na gaba yana girgiɗi, ko famfara ba ta fara ba tukuna. Na ce Alhamdu lillahi da ban sake maimaita kuskurena ba.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya ba mu ikon sauke amanarsu. Wallahu a'alam.