Duhun Da Muka Ce Fanko Ne

'Yar uwa, muna yara a Faskari, in mun kwanta tsakar gida da bazara, mukan ga wani baƙin gurbi tsakanin taurari, mu ce nan babu komai. Ashe ƙura ce mai sanyi, cikinta Allah ke halittar sababbin taurari. A 2015 aka ɗora kyamarar NIKA2 kan faifan hangen sama mai faɗin mita 30 a Sifaniya. Hasken da ido ba ya gani take kamawa, sai ga irin wuraren nan cike fal.

Ni dai ƙanwata na tuna, mai aure a Sabuwa. Shiru-shiru ce, dangin miji har cewa suke ba ta da wayo. Haushinsu nake ji, amma fa ni ma ban taɓa zaunar da ita na tambayi abin da ke ranta ba.