Yawan Zuri'a Ne Ke Hana Mutum Halaka Kansa?

Wani ɗalibina mutumin Rogo ya tare ni bayan darasin Nahawu, ya ce: "Malam, me ya sa ƙasashen da suka fi mu abinci da magani haihuwa ke ja da baya cikinsu, mutanensu kuma suna kashe kansu?"

Tambayar tana da tushe. A Koriya ta Kudu, lissafin shekarar 2023 ya nuna haihuwa ta sauka zuwa 0.72 ga kowace mace, wato ko ɗa guda bai cika ba, kuma tana sahun gaba cikin ƙasashe mawadata wajen yawan masu kashe kansu. Birtaniya a 2018 da Japan a 2021 har minista suka naɗa saboda kaɗaici.

Da ya ji haka sai ya ce ashe mu mun tsira, tun da Allah Ya hore mana zuri'a. Nan fa na ƙi bin sa. Lesotho matalauciya ce, ana haihuwa a can fiye da Koriya nesa ba kusa ba, amma ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ta sa ta gaban kowa a wannan musiba. Mu kuma nan, wa ke ƙidaya? In yarinya ta sha fiya-fiya don auren da ba ta so, ko magidanci ya rataye kansa don bashin taki, sai gida ya rufe maganar, a ce ajali ne.

A Larabce, rahim, wato mahaifa, da rahama saiwarsu ɗaya. Shi ya sa ake kiran zumunci silatur rahim. A ganina sadarwar ita ke riƙe mutum, ba adadin 'ya'ya ba. Ku zaga ƙauyukan Karaye da rani, ku ga dattijo mai 'ya'ya goma zaune shi kaɗai a zaure, samari sun tafi ci-rani Legas da Abuja, sai kuɗi ta waya, in an tuna. Wannan da tsohon Koriya, bambancinsu nawa ne?

Haramcin kashe kai a bayyane yake, aya ta 29 cikin Suratun Nisa'i ta isa hujja. Amma wanda ya aikata bai fita Musulunci ba. A mazhabarmu ta Malikiyya ana yi masa wanka, a sallace shi, ko da manyan malamai sun ja jiki don tsoratarwa. Wanda kuwa ciwo ya gusar masa da hankali, an ɗauke masa alƙalami. Saboda haka liman da ya ji wani na cewa ya gaji da duniya, kada ya tsaya ga ambaton wuta. Ya zauna da shi, ya ji bashin nawa ne, ya kira danginsa, sa'an nan a kai shi asibiti.