Shukurar Mai Alƙalami

Al'adata ce tun shekaru da dama, idan Zulhajji ya tasam ma ƙarewa, Muharram ya kunno kai, in ɗauko wani tsohon kundi da nake ajiyewa a ƙasan adaka, in zauna bayan sallar Asuba in yi wa raina muhasaba, ina rubuta ni'imomin da Allah Ya yi mini a shafin dama, a shafin hagu kuwa abin da nake fatan cimma a shekara mai kamawa. Da na buɗe shi bana, sai na tarar shafukan dama sun cika sun batse, daga lafiyar jiki da ta iyali har bashin da aka biya da damina mai albarka, alhali shafukan hagu abu guda suke ta maimaitawa shekara bakwai a jere, wato kammala wani littafi da na faro na kasa kai shi gaci. Nan wata mas'ala ta tsaya mini a rai: shin wanda ya cika bakinsa da hamdala yana da sauran hakkin ya nemi ƙari, ko kuwa duk mai buri akwai ɓurɓushin butulci a zuciyarsa, tun da neman abin da babu ikirari ne cewa abin da ke hannu bai isa ba?

Mun tashi muna jin malamai a kan mumbari suna zargin dogon buri, suna yabon ƙana'a, suna tunatar da mu hadisin da ya umarci mutum ya dubi na ƙasa da shi don kada ya raina ni'imar Ubangijinsa; mun kuma ji su, a wata Juma'ar, suna yabon ɗaukakar himma, suna ba da labarin magabata da suka keta sahara don neman hadisi guda. Yaro mai sauraro sai ya ɗauka maganganun biyu suna karo da juna, ni ma na daɗe ina zaton haka, har na je ga babin haƙuri da shukura a cikin Ihya'u Ulumiddini na Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekarar 505 ta Hijira. Shi a wurinsa shukura rukunai uku gare ta: sanin cewa ni'ima daga Mai ni'imtarwa take, da farin cikin da wannan sani yake haifarwa a zuci, sannan da aiki, wato sarrafa ni'imar a cikin abin da Wanda Ya bayar da ita Yake so. Rukuni na ukun nan shi ne wanda muka fi mantawa, domin ya fi tsada. A cikin Suratu Saba'i, aya ta 13, da aiki aka umarci iyalan Annabi Dawuda su yi godiya. Kuma Nana A'isha ta ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yakan yi tsayuwar dare har ƙafafunsa su tsattsage, da aka tambaye shi dalili, alhali an gafarta masa, sai ya jingina wannan wahala ga zamansa bawa mai godiya. Dogon burin da Gazali ya zarga kuwa, wanda ya kawo bayaninsa a babin tuna mutuwa, shi ne mutum ya riƙa jinkirta aiki yana dogara da gobe kamar an ba shi takardar lamuni daga Mala'ikan mutuwa.

To, sai dai karanta mas'ala a littafi daban, ganinta da ido daban. Ni a kan teburin sharhi na gan ta, domin shekarun nan abin da ya fi cin lokacina shi ne karanta ƙagaggun labaran da marubuta suke bugawa da kuɗin aljihunsu, in rubuta ra'ayina a kansu.

Wanda bai san asalin wannan adabi ba ba zai gane girman ni'imar da ke cikinsa ba. Ƙagaggen labari a rubutun boko hukuma ce ta yi masa unguwarzoma: gasar da Dokta East ya shirya a Zariya a 1933 ita ta fitar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Ganɗoki na Bello Kagara, kuma daga nan har zamanin kamfanin ɗab'i na NNPC, wanda aka kafa a 1966, marubuci yakan miƙa rubutunsa ne ya koma gida ya jira hukuncin masu tacewa. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka karkata ga littattafan makaranta, sai ga shi a daidai lokacin ne yaran da shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya koya wa karatu suka girma suna neman abin karantawa da harshensu. Samari da matan aure a Kano da Kaduna da Funtuwa ba su tsaya jiran kowa ba. Suka rubuta a littafin makaranta mai layi, suka kai aka buga da tafireta, suka tara kuɗi suka je wurin masu ɗab'i na cikin gari, suka kai wa 'yan kasuwa bashi, na ɗaya ya sayu a buga na biyu da kuɗinsa. Wata ƙungiyarsu ta kira kanta Raina Kama, sunan da ya ishi mai hankali sanin yadda suka san ana kallonsu. Malam Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa abin suna adabin kasuwar Kano, aka yi ta muhawara a jaridu tsakaninsa da masu kare su irin su Abdalla Uba Adamu, har a 2007 aka kai ga ƙona wasu daga cikin littattafan a bainar jama'a a Kano da sunan gyaran tarbiyya.

Cikin damina na sake karanta biyu daga cikinsu. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991, labarin Sumayya ne 'yar masu hali da ta ƙi attajiri Abdulƙadir saboda talaka Muhammad, har ta faɗa rijiya da aka matsa mata. Ba zan ɓoye ba, mutanen cikinsa sun yi mini tsarki da yawa ko muni da yawa, kamar ba su taɓa kwana da shakka ba, kuma ƙaddara tana yi wa marubucin hidima a duk inda ya buƙace ta. Amma hirar samari da 'yan mata da ke ciki hirar ƙofar gida ce ta gaskiya, wadda littattafan hukuma suka yi shekara hamsin suna jin kunyarta, kuma wannan kaɗai ya isa ya bayyana dalilin da ya sa aka riƙa karanta shi ana miƙa wa maƙwabta har bango ya yage.

Na biyun ya fi daɗewa a raina, domin a kan butulci aka gina shi. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, ya kawo Rabi, uwar 'ya'ya tara, wadda mijinta Alhaji Abdu ya ƙuntata wa, ya auro mata Delu, daga ƙarshe ya kore ta da 'ya'yanta. Ta kama sana'ar sayar da abinci, ta riƙe gidanta, ta aurar da 'yarta Saudatu gidan mutunci, shi kuwa gobara ta cinye dukiyarsa, amaryar ta juya masa baya. Da a nan aka tsaya, da wa'azi ne irin wanda kowa ya sani, cewa ni'imar da ba a gode mata ba takan yi ƙaura. Amma marubuciyar ta sa dangi suka taru a kan Rabi ta koma wa mutumin da ya wulaƙanta ta, ta koma ba don ranta yana so ba, kuma aka bar mai karatu da ɗaci a baki. A nan na ga abin da ban gani a littattafan wa'azi ba, wato yadda ake ɗaukar kalmomi masu tsarki, haƙuri da godiya da rufin asiri, a ɗaure bakin mai rauni da su. Ana ce wa mace ta gode Allah, abin da ake nufi kuwa shi ne ta yi shiru. Wadda ta rubuta wannan an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama, daga baya ta koma ajin yaƙi da jahilci, kuma littafin nata ya kai har Indiya, inda aka buga fassararsa ta Ingilishi a 2012. Da ta ɗauki ƙana'a da ma'anar da ake koya wa irinsu Rabi, da babu ko shafi guda.

A wannan hali nake sai wani ɗalibina na da ya kawo mini littafin ƙanwarsa, bugun farko, mai bango mai sheƙi da takarda mai arha, da roƙon in sa masa albarka. Na karanta shi a dare biyu. Yarinyar tana da kunne. Tsohuwar da ke cikin labarinta in ta buɗe baki sai ka rantse kakarka ce take faɗa a tsakar gida. Amma an bar haruffa masu ƙugiya sun zube, baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa, an raba abin da ya kamata a haɗe, an haɗe abin da ya kamata a raba, kuma kashi ɗaya bisa uku na littafin lissafin kayan lefe ne da sunayen motoci. Na rubuta mata shafi huɗu, na fara da yabo, na bi da gyara. Da suka zo gaishe ni, ta durƙusa daga bakin ƙofa, ta ce, “Baba Malam, na ga saƙo, Allah Ya saka da alheri. Mu dai mun gode Allah da Ya nufa ya fito, wasu ma ba su samu haka ba.” Na ce, “Haka ne, 'yata, amma Wanda Ya ba ki kunnen nan zai tambaye ki me kika yi da shi.” Ta yi shiru, wanta ya kawar da zancen.

Bayan tafiyarsu na zauna ina jin daɗin amsar da na bayar, irin jin daɗin da malamai suke kira ujubu, har idona ya faɗa kan adakar da kundina yake ciki. Ita ta mai da godiya garkuwar da gyara ba ya hudawa, wannan gaskiya ne. Amma littafinta yana hannun mutane, wata matar aure a wani lungu ta yi dariya da tsohuwar nan, wata ta share hawaye, ni kuwa da nake riƙe da jan alƙalami shekara bakwai ina ce wa kaina nawa bai nuna ba tukuna, ina kiran wannan jinkiri ɗaukakar himma, alhali in an auna shi da ma'aunin Gazali shi ne dogon burin nan da aka zarga, ya yi shigar malamai ya zauna a zaurena. Ina lissafa lafiyar ido da natsuwar gida a shafin dama kowace shekara kamar mai ƙirga buhuna a rumbu, ban taɓa tambayar kaina don me aka ba ni su ba. Mutanen da muke kafa hujja da zuhudunsu ba haka suka yi ba: Shehu Usmanu da ƙaninsa Abdullahin Gwandu da 'yarsa Nana Asma'u sun guji duniya iyakar gudu, amma cikin hijira da yaƙi da yunwa suka bar mana rubuce-rubucen da har yau ba a gama tattara su ba, domin ƙana'arsu a kan abin da zai shiga ciki ta tsaya, ba ta taɓa hawa kan abin da zai fita daga alƙalami ba.

Akwai kuma wani bashin da na gane ina ɗauke da shi. Hadisi ya zo da cewa godiyar Allah ba ta cika ga wanda ba ya gode wa mutane, kuma mai sharhi, in ya yi adalci, mai cin abinci ne a gidan da bai sa ko itace a murhu ba. Marubucin da ya sayar da akuya, ko ya ci bashin adashi, ya buga littafi, ya ba ni dare biyu na nishaɗi, yana bina godiya. Sai dai godiyar da ta dace da shi ita ce in karanta shi da gaske har ƙarshe, in gaya masa inda ya burge ni da inda ya yi sakaci, domin yabon da ake rabawa kowa daidai wa daida, irin wanda ya cika dandalin WhatsApp inda 'yan baya suke sakin labaransu shafi-shafi a yau, raini ne da aka shafa wa zuma. Abin da na kasa a shafukan nan huɗu shi ne tsari: na ba yabo sakin layi guda, na ba gyara sauran, kamar ni'imar da ke cikin littafin ƙaramar aba ce da za a ambata a wuce.

Ana saura kwana uku Ashura wanta ya sake zuwa da wata jaka, ciki da littattafan makaranta guda biyar cike da rubutun hannu, ya ce ta ce a kawo wa Baba ya duba tun ba a kai wurin ɗab'i ba, kuma kada ya ji tausayinta. Na buɗe na farko na ga ta bi kowace ƙugiya ta lanƙwasa ta da kyau, har da inda babu bukata. Na ce ya gaya mata zan duba, amma da sharaɗi: ranar da zai zo karɓa zan haɗa masa da babi uku na nawa, ta karanta, ta gaya mini inda tsofaffin cikinsa suke magana kamar takarda. Ya yi dariya yana zaton wasa nake, ya ce, “Haba Malam, ita wa?” Na ce masa ya dawo ranar Laraba bayan La'asar.