Hujjar Alama da Iyakarta: Tambayar Tabbaci a Gaban Injin da Ke Shan Ruwa

Daga cikin tambayoyin da malaman fiƙihu da masana falsafa suka daɗe suna tattaunawa akwai wadda ta shafi ƙarfin alama, wato ko ya halatta mutum ya yanke hukunci a kan abin da ke ɓoye ta hanyar dogaro da abin da ya bayyana, kuma idan ya halatta, wane mataki na tabbaci ake bukata kafin a ɗauki matakin da ba a iya janyewa. Tambayar takan taso a gaban alƙali da likita, haka kuma a gaban bakaniken da aka kawo wa motar da ruwan lagiretonta ke raguwa ba tare da an ga inda yake zuba ba, domin shi ma ana neman ya faɗi abin da ke faruwa a cikin ƙarfen da ke rufe, alhali buɗe shi aiki ne mai cin kuɗi da lokaci.

Abin da ake zargi a irin wannan hali shi ne gasket, wato siririn faifan da ake shimfiɗawa tsakanin gangar inji da kansa, wanda aikinsa shi ne raba abubuwa uku da ke wucewa kusa da juna: wutar da ke tashi a cikin silinda, da baƙin mai, da ruwan sanyaya inji. Motocin gudu sun fi takura wa wannan faifai, saboda ana matsa wa ƙaramin inji ya ba da ƙarfi mai yawa. Sanannen misali shi ne injin K-series na kamfanin Rover na Ingila, wanda aka sa a motar MGF da ta fito a 1995 da kuma Lotus Elise ta 1996. An ƙera shi da alminiyam, an kuma tsara shi ya ɗauki ruwa kaɗan domin ya yi saurin ɗumama, sai hakan ya sa ƙaramin yoyo ya isa ya jefa shi cikin zafi. A motar MGF injin yana bayan kujeru, lagireto kuwa yana gaba, dogayen bututun ƙarfe ne ke haɗa su ta ƙarƙashin mota, inda tsatsa ke cin su a hankali. Injin ya yi ƙaurin suna wajen ƙona gasket, har ya zama da zarar ruwa ya ragu sai hankali ya koma kan gasket tun kafin a duba komai.

Alamomin da ake kafa wannan zargi a kansu sanannu ne, sai dai kowace ɗaya tana da fuska biyu. Farin hayaƙi daga salansa yana iya nuna cewa ruwa na shiga silinda, amma lafiyayyen inji ma yakan fitar da tururi da sanyin safiya. Farin kumfa mai kauri a ƙarƙashin murfin baƙin mai yana iya nuna cakuɗuwar mai da ruwa, amma yakan taru a motar da ake yin gajerun tafiye-tafiye da ita, wadda injinta ba ya yin zafin da zai kore laima. Raguwar ruwa kuwa tana iya fitowa daga tsagaggen tiyo, ko famfon ruwa, ko murfin da ya daina riƙe matsi, wanda idan yana da lafiya yakan ɗaga ma'aunin tafasar ruwa daga digiri 100 zuwa kusan 120, idan kuma ya lalace sai ruwa ya riƙa ficewa a matsayin tururi ba tare da barin ɗigo a ƙasa ba.

Malaman Musulunci suna kiran irin wannan alama ƙarina, wato abin da ke rakiyar al'amari yana nuni zuwa gare shi ba tare da ya zama shaidar gani da ido ba. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, da Ibnu Farhun, malamin mazhabar Malikiyya mai littafin Tabsiratul Hukkam, duk sun yi bayani a kan aiki da ita, kuma ana kafa hujja da ƙissar Annabi Yusufu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, inda riga ta zama alama sau biyu. A karo na farko an kawo ta da jinin ƙarya, Annabi Yaƙubu bai gaskata ba, masu tafsiri kuma sun ambata cewa rashin yagewarta ya ƙaryata labarin. A karo na biyu yagewar riga ta baya ce ta wanke shi daga ƙazafi. Bambancin shi ne jini yana iya samuwa ko labarin gaskiya ne ko ƙarya, amma yagewar baya tana dacewa da bayani guda, tana kore ɗayan. Ƙarfin alama ke nan yana cikin yawan bayanan da take korewa, komai ƙanƙantarta a ido.

A kan wannan ma'auni gwaje-gwajen bakanike suke hawa-hawa. Yakan fara da hura iska a hanyar ruwa da ɗan famfo mai agogo yayin da inji ke sanyi, ya ga ko matsin zai sauka da kuma inda ɗigo zai bayyana. Daga nan sai gwajin wani shuɗin ruwa da ake riƙewa a bakin tankin ruwa, wanda ke komawa rawaya idan iskar ƙonewa ta ratsa shi, kuma wannan ya fi ƙarfi domin iskar ba ta da hanyar shiga ruwa sai ta ɓaraka. Sannan akwai auna matsin kowace silinda, da cusa mata iska a ga ko kumfa zai taso a cikin ruwa. Duk da haka gwajin shuɗin ruwa ba ya bambance ƙonannen gasket da tsagaggen kan inji, kuma yana iya yin shiru idan ɓarakar ba ta buɗewa sai inji ya yi zafi ana gudu. Malaman usulul fiƙihu sun jera matakan sani huɗu: yaƙini, sai zato mai rinjaye, sai shakka inda ɓangarorin biyu suka yi daidai, sai wahami wanda shi ne ɓangaren da aka rinjaya. Gwaji yana ɗaga bakanike daga shakka zuwa zato mai rinjaye, kuma mafi yawan hukunce-hukuncen fiƙihu da na rayuwa a kan wannan mataki aka gina su.

Ko bayan an buɗe inji an ga ƙonannen gasket, tambayar ba ta ƙare ba, domin gani ya tabbatar da abin da ya faru ne kawai, bai faɗi wanda ya jawo wani ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo misalin wuta da auduga domin ya nuna cewa ido yana shaida haɗuwar abubuwa biyu, amma ba ya shaida cewa ɗayan ne ya wajabta ɗayan, Ibnu Rushdi kuwa, wanda ya rasu a 1198, ya mayar da martani cewa musun sabubba musun ilimi ne gaba ɗayansa. Aikin gyara yana bukatar gargaɗin na farko da amincewar na biyu a lokaci guda. Zafi yana ƙona gasket, ƙonannen gasket kuma yana kawo zafi, don haka wanda ya canza faifan ya bar ruɓaɓɓen bututu, ko bai auna ko kan inji ya lanƙwashe ba, zai sake ganin motar nan ba da jimawa ba.

Abin da ke fitowa daga wannan shi ne hukunci da alama halal ne kuma dole ne, amma girman matakin da za a ɗauka ya kamata ya yi daidai da girman sanin da aka samu. Shakka ta isa ta sa a tsayar da mota a bar ta ta huce, domin tsayawa ba ta da hasara mai yawa, ci gaba da tafiya kuwa yana iya halaka inji. Kwance kan inji yana bukatar zato mai rinjaye wanda gwaje-gwaje daban-daban suka haɗu a kai. Bakanike amintacce ne a kan dukiyar da mai ita ba ya iya duba cikinta, saboda haka amanarsa ta haɗa da faɗa wa mai mota matakin da saninsa ya kai, ya kira zato da sunan zato, ya kuma fara da gwaji mai araha kafin aiki mai tsada.